Babu Kowa a Cikin Sulken

Askar tana kan maƙogwaron Lauya lokacin da mahaifinsa ya manta abin da yake yi. Hannun ya tsaya cak, bakin ƙarfen a kwance a kan fata, sanyinsa yana ratsa kumfar sabulu. A cikin madubi Lauya yana ganin fuskar tsohon a saman kansa, idanu a buɗe, amma babu abin da suke kallo. Fankar sama tana juyi a hankali da kukanta na kullum. Ko yawu bai yarda ya haɗiye ba.

Ya san maganin abin. Ya buɗe baki kaɗan, yadda haɓarsa ba za ta motsa ba, ya ce, “Baba, ni fa har gobe ina nan a kan bakana. Babu kowa a cikin sulken nan.”

Sai idanun suka dawo. Tsohon ya haɗe gira, ya ja tsaki mai tsawo, askar ta ci gaba da hawa sama tana kwashe kumfa kamar ba ita ce ta tsaya ba.

“Kai dai Lauya ba ka da ta ido,” in ji shi. “Mutum ya ƙare rayuwarsa yana tare muku gini da gadon bayansa, yau ku wayi gari ku ce babu shi? To wa ke ɗaga ƙafar? Iska?”

Lauya ya lumshe ido, daɗi ya ratsa shi har cikin rai. An kira sunansa. Na wannan makon ya samu.

Ba lauya ba ne fa, kada a ɗauka; ko ƙofar kotu bai taɓa takawa ba. A kantin magani yake aiki, yana miƙa wa mutane ƙwayoyi ta taga yana maimaita musu cewa bayan cin abinci ake sha. Uban ne ya laƙaba masa sunan tun yana ƙarami, saboda in ka ce masa wuta da zafi sai ya tambaye ka wa ya auna. Sunan ya bi shi, har matarsa ma da shi take kiransa.

Shagon askin shi ne ɗakin gaba na gidan da ya tashi a ciki. Ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin gida. An daina buɗe ta titin tun da ciwon mantuwa ya kama tsohon. Sauran komai yana nan yadda yake: kujerar da ake ɗagawa da ƙafa, madubin da gefensa ya fara baƙi-baƙi, fatar wasa aska a rataye a ƙusa, da dogon bencin da masu jiran layi suke zama a da. A ƙarƙashin bencin akwai kwalaye cike da mujallun Ginshiƙi.

Ginshiƙi jarumin labarin zane ne, irin wanda ake bugawa duk wata. Ba ya tashi sama, ba ya fitar da wuta daga ido. Magini ne kawai, da matarsa da ɗan gidansu na haya, wanda ya ƙera wa kansa sulken ƙarfe da kwalkwali mai rufe fuska ruf. In gada za ta karye ko bene zai rufta, sai ya zo ya sa bayansa ya tokare har kowa ya fita. Iyakar aikinsa ke nan. Tsohon ya fara sayen mujallar ne don masu jira su samu abin dubawa, sai ga shi shi ne ya faɗa tarkon: in sabuwa ta fito, babu mai taɓa ta sai ya gama. A kan bencin nan Lauya ya koyi haɗa baƙi, yana bin maganganun mutanen zanen da ɗan yatsa.

Ana nan sai kamfanin da ke buga mujallar ya kawo sababbin marubuta, su kuwa suka yi abin da har yau ba a yafe musu ba. A wata fitowa Ginshiƙi yana tafiya a tsakiyar titi da rana tsaka, sai ya tsaya. Ya wuni a tsaye, gari ya waye yana tsaye. Da aka kira maƙera suka kwance kwalkwalin, yashi ne ya zubo, da wani guntun ƙyallen riga. Wai maginin ya daɗe da mutuwa, tun ranar da rufin tashar jirgin ƙasa ya faɗo masa, shekaru da yawa baya. Sulken ne ya tashi ya kaɗe ƙura ya ci gaba da aiki saboda sabo. Shi ke tare gine-gine, shi ke komawa gida da yamma ya zauna a gaban abinci, matar ta ajiye, ta dawo ta ɗauke ba a taɓa ba. A shafin ƙarshe marubutan suka ce duk mai musu ya koma ya duba tsofaffin fitowa, ya nemo inda aka zana Ginshiƙi ya cire kwalkwali tun daga ranar tashar. Mutane suka zazzage kwalayensu suka duba. Babu.

Kai, an yi tashin hankali. Wasu suka ƙone nasu suka ɗauki hoto suka watsa a intanet, wasu kuma suka ce ba a taɓa rubuta labari mai zurfin wannan ba. Lauya yana cikin waɗanda suka fi kowa zafi. Ya yi ta rubuce-rubuce a dandalin masoya, yana cewa cin amana ne, rainin hankali ne, an mai da yarintar mutane abin wasa; wanda ya kasa ƙirƙirar jarumi shi ke kashe na wasu. Lokacin uban yana da lafiyarsa, shi ma ya fusata. Karon farko ke nan a rayuwarsu da bakinsu ya zo ɗaya, kuma wallahi hirar ba ta yi armashi ba. Suka zauna kowa yana cewa haka ne, haka ne, kamar masu zaman makoki. Mai hali ba ya fasa halinsa: da Lauya ya gaji, don tsokana kawai, sai ya koma goyon bayan marubutan. Tsohon ya miƙe tsaye don haushi, suka wuni suna yi.

Sai wanda ya san tsohon a bakin aiki zai gane darajar musu a gidan nan. Dokarsa ɗaya ce: ba a musu da wanda ke ƙarƙashin aska. In wani ya zauna ya ce za a yi ruwa yau, sai ya ce, “Gaskiyarka, Yallaɓai.” In na bayansa ya hau ya ce ina, babu alamar hadari, shi ma gaskiyarsa, Yallaɓai. Ya yarda da 'yan wannan jam'iyya da safe, ya yarda da abokan hamayyarsu da rana, duk da murmushi iri ɗaya. Musun da ya haɗiye tun safe kuwa sai ya adana shi har a rufe shago, ya juye wa ɗansa. Lauya kaɗai ne ya taɓa zama a kujerar nan aka ce masa ƙarya yake yi.

Da ciwon ya zo, a hankali ya riƙa kwashe kaya. Ya ɗauke sunayen maƙwabta, ya ɗauke hanyar kasuwa, ya ɗauke mutuwar Mama, har tsohon yakan tambaya ko ta dawo daga unguwa. Yaya, babbar 'yarsa, wadda take zuwa kullum ta yi masa wanki da girki, ta koma “baiwar Allah”. Shi kansa Lauya in ya shigo ta cikin gida, gaisuwar baƙo ake yi masa. Amma in ya hau kujerar ranar Asabar, aka ɗaura masa farin ƙyalle a wuya, ya kalli madubi ya ce babu kowa a cikin sulken, sai uban ya dawo. A madubi kawai, kuma muddin ana musun. Abin da ya rage masa na uba ke nan, kuma ya riƙe shi da hannu bibbiyu.

Sau ɗaya ya gwada faɗin gaskiyar zuciyarsa. Ya ce wa tsohon ya sallama, maginin yana ciki, shi ma dama bai taɓa yarda da marubutan ba. Ranar ce askar ta fi daɗewa a tsaye. Tsohon ya zuba wa madubi ido kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Sai da Lauya ya janye maganarsa tukuna hannun ya motsa, kuma ya bar masa ɗan yanka a ƙarƙashin kunne. Tun daga nan bai sake ba. Duk mako sai ya zo ya kare labarin da ya fi tsana a duniya.

Yankan nan ne Yaya ta gani. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ta yi: ta zaunar da shi a kicin ta yi masa magana a hankali. Ta ce likita ya hana a bar wa tsohon abu mai kaifi, kuma shi da yake wuni yana cewa mutane su bi maganar likita ai ya fi kowa sani, sai dai wanzami ba ya son jarfa. Ta ce ta gaji da zirga-zirga, mijinta ya gyara ɗaki a gidansu na saman bene, za a mai da Baba can. Kujera ba za ta hau bene ba, madubi ma haka. Lauya ya ce in aka raba shi da shagon an gama kashe shi. Ta ce ita da take canza masa zanen gado ita ta san abin da ya rage da abin da ya tafi.

“Sabo ne kawai, Lauya,” ta ce. “Hannunsa ne ya san kanka, ba shi ba.”

“Sunana yake kira, Yaya.”

“Aku ma yana kiran suna.”

Maganar ta suɓuce mata ne, ta kama baki. Shi kuwa ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce to gani ya kori ji, ta zo ranar Asabar ta tsaya ta gani da idonta. In Baba ya dube shi ya san shi, a bar masa shagonsa da askarsa. In bai san shi ba, shi da kansa zai ɗauki jakar tsohon ya kai mota. Ta amince, don ta san ƙanenta, in ba haka aka yi ba sai su shekara a kan abu ɗaya.

A cikin makon ya ɗauko fitowar nan ya tafi da ita wurin aiki don ya wasa hujjojinsa. So yake ranar Asabar ya tsokano tsohon sosai, Yaya ta ji tsakin da kunnenta. Lokacin hutun rana ya shiga ɗakin ajiya, ya zauna tsakanin kwalayen magani ya buɗe. Bai taɓa karanta ta a natse ba, da can haushi ba ya barinsa ya tsaya a kan shafi. Sai ya ga wani ɗan ƙaramin zane a kusurwa wanda bai taɓa lura da shi ba. Sulken yana zaune a gaban abinci. Matar tana tsaye a bayansa, ta ɗaga hannu har yatsunta sun kusa taɓa maɓallin kwalkwalin. A zane na gaba hannun ya koma kan faranti. Babu rubutu ko ɗaya a wurin.

Ashe ta sani. Tsikar jikinsa ta tashi. Ya rufe mujallar ya tura ta ƙarƙashin kwali, ya koma taga, sai da wata mata ta yi ta maimaita masa sunan maganinta kafin ya ji.

Abin ya bi shi har gida. Yana cin abinci ya ɗaga kai ya ga matarsa tana kallonsa, ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau, kallonsa kawai take yi. Ya ture farantin. Haushin marubutan ya ƙaru a ransa, amma wani iri dabam, irin haushin da kake ji na mutumin da ya leƙa maka ɗaki.

Ranar Asabar gari ya yi tas. Haske ya shigo ta saman ƙofar titi ya kwanta a kan benci, ƙura tana yawo a cikinsa. Yaya ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida ta harɗe hannuwa. Tsohon ya fito cikin farar rigar aikinsa, maɓallai a jere daidai, shi da yanzu ba ya iya sa takalmi sai an nuna masa ƙafar. Ya kaɗe kujera, ya nuna wa Lauya da tafin hannu. Ya ɗaura ƙyalle, ya taka kujerar ta ɗaga, ya wasa aska a jikin fata, gaba da baya. Ya kaɗa kumfa ya shafa. 

Lauya ya jira askar ta sauka a kan kumatunsa, sannan ya jefa maganar da ya saba. Shiru. Askar ta ci gaba da tafiya a natse, da ɗan ƙaramin sautinta. Ya sake faɗa da ƙarfi, ya ƙara da cewa marubutan nan sun cancanci kyauta. Ko gira tsohon bai ɗaga ba. A gefen madubi Lauya yana ganin Yaya ta sunkuyar da kai.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, sai bakinsa ya ɓalle. Hujjojin da ya shirya duk suka bi iska. Ya dubi idanun uban a madubi ya ce matar maginin ta sani, tun tuni ta sani, duk garin ma sun sani. Wa zai zauna da mutum shekara da shekaru, bai ji tarinsa ba, bai ga ya kurɓi ruwa ba, ya ce bai sani ba? Ba su buɗe ba ne don ba sa so su gani, don muddin ƙarfen yana tafiya suna da mai tare musu rufi. Ba don shi ake dafa abincin ba, don kansu ne. Mutumin ya daɗe da tafiya, su ne suka ƙi barinsa ya huta.

“Babu kowa a ciki, Baba,” ya ce. “Ƙarfe ne kawai da ya saba hanya.”

Wannan karon ba tsokana ba ce, kuma shi ma ya ji hakan tun maganar tana fita.

Tsohon ya goge askar a tawul ɗin kafaɗarsa. Ya sa yatsu biyu ya ɗaga haɓar Lauya a hankali, ya yi murmushi, kyakkyawan murmushi mai sanyi.

“Gaskiyarka, Yallaɓai,” ya ce.

Bai taɓa yi masa gyaran fuska mai kyan na ranar ba. Askar ta bi maƙogwaro ba gargada, ta zagaya ƙarƙashin kunne, ta daidaita saje. Ya goge da jiƙaƙƙen tawul, ya shafa hoda, ya ɗauko ƙaramin madubi ya nuna masa ƙeyarsa ta dama da ta hagu. Lauya ya gyaɗa kai, don abin da ake yi ke nan. Hawayen da ya gangaro masa ma tsohon ya sa gefen tawul ya ɗauke, ya ba da haƙuri, ya ce sabulun nan yana da shiga ido.

Ya kwance ƙyallen, ya kaɗe, ya sauke kujera. Ya je ya zare sakatar ƙofar titi, wadda aka daɗe ba a taɓa ba; sai da ta yi ƙara kafin ta buɗu. Hayaniyar motoci ta shigo. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida. Yaya ta sa hannu ta toshe bakinta, kafaɗunta suna rawa. Ta ci musun, amma ko kallon ƙanenta ta kasa yi.

Lauya ya miƙe. Yana tsaye bai san ƙofar da zai bi ba, sai ya ga tsohon ya juya wajen benci. Ya ɗan rusuna, ya kare bakinsa da bayan hannu yadda baƙo ba zai ji ba, amma ɗakin ƙarami ne.

“Lauya, ka ji shirmen da mutumin nan yake zubawa?” ya ce ƙasa-ƙasa. “Yi shiru tukuna. Bari ya fita.”

Lauya ya dubi bencin. Hasken rana ne a kai, sai ƙura. Ya dubi Yaya, ita ma bencin take kallo, idanu a waje. Tsohon ya miƙe ya koma bakin ƙofa, ya riƙe ta a buɗe, yana jira da haƙurin mai sana'a.

Ya so ya ce ga ni nan, Baba. Maganar ta zo har bakinsa. Amma fuskar tsohon cike take da ɗoki, irin na wanda ya ƙagu a rufe shago, kuma Lauya ya daɗe bai ga wannan ɗokin ba. Bai iya ɓata shi ba. Ya yi godiya, ya fita ta ƙofar titi. Aka mai da ita a bayansa, ya ji an zura sakata.

Bai tafi ba. Ya tsaya a gefen titi, iska tana taɓa fatar haɓarsa, mutane suna wuce shi da ledojin cefanensu. Daga ciki muryar uban ta tashi, da ƙarfinta da zafinta, tana zazzaga hujja bisa hujja. Sai ta tsaya. Lauya ya matsa ya kara kunnensa a jikin ƙofar. Shirun ya yi tsawo. Can sai tsohon ya kece da dariya.

“To, wannan kam ka kama ni,” ya ce. “Sake faɗa in ji.”

Lauya ya ƙara danna kunnensa a jikin katakon.